Masu sharhi sun yaba, gari ya yi tsit: makomar kundin mawaƙi mai cin gashin kansa a Kano

Duk mai bibiyar harkar waƙa a Kano ya san wannan al'amari, domin ba sau ɗaya ya faru ba. Matashi zai rubuta waƙoƙinsa da kansa, ya tsara kiɗansa, ya biya kuɗin situdiyo daga aljihunsa, ya saki kundi mai waƙa goma ko sha biyu, babu fim a bayansa, babu ɗan siyasa, babu kamfani. Kafin mako ya zagayo sai hukunci biyu su fito. Marubutan Facebook da ɗaliban jami'a su ce an daɗe ba a ji aiki mai ma'ana irin wannan ba, yaron ya zo da nasa salon. Gari kuwa shiru. Ba a ji shi a adaidaita sahu ba, ba a ji shi a shagon aski ba, babu DJ ɗin da ya saka shi a wajen kamu. Wani lokacin kuma reshe ya juye da mujiya: masu sharhi su ce kundin ba shi da nauyi, baitocin ruwa ne, amma waƙa ta bakwai ta kama gari har yara suna rera amshinta a lungu.

Abin da aka saba ji bayan nan shi ne zargin juna. Masu sharhi su ce mutanenmu ba su da kunne, sai abin rawa. Masu sauraro su ce waɗancan 'yan ƙaƙale ne, suna yabon abin da ba ya shiga rai don a ce sun waye. Ni a ganina kowanne ɓangare ya yi gaggawa, domin galibi ba abu ɗaya suka saurara ba. Mai sharhi ya zauna ya ji kundin daga farko har ƙarshe, da abin sauraro a kunne, a jeren da mawaƙin ya tsara. Mutumin Kurna ko Sheka kuwa abin da ya iso gare shi ya ji, kuma kafin ya iso ya bi ta hannun mutum uku ko huɗu, kowa ya yanki abin da ya yi masa. Ɗaya ya ga turmin atamfa a shimfiɗe da zanensa cikakke, ɗayan ƙyallen da ya rage a gaban tela aka miƙa masa.

Irin wannan waƙa da Turawa suke kira indie pop a Ingila ta tsiro, daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa cikin na 1980, lokacin da matasa suka riƙa buga fayafayansu a ƙananan kamfanoni maimakon jiran manya. Rough Trade, ɗaya daga cikin fitattun kamfanonin nan, shagon sayar da faifai ne da aka buɗe a Landan a 1976. Zuwa 1980 har an ware wa masu cin gashin kansu nasu jadawalin ciniki. Abin lura a tarihin nan shi ne mawaƙin da mai sharhinsa tare suka taso. Tunda ba shi da kuɗin talla, jaridun waƙa na mako-mako irin NME da Melody Maker, da mai gabatarwa irin John Peel a rediyon BBC, su ne tallarsa. Daga baya Pitchfork ta Amurka ta karɓi ragamar a intanet, tana ba kundi maki daga sifiri zuwa 10, Metacritic kuma tana tattara makin masu sharhi a kan 100, ta ajiye na masu sauraro a gefe, kowa ya ga tazarar da idonsa. Can ɗin ma ƙarfin ya ragu. A Janairun 2024 kamfanin da ya mallaki Pitchfork ya haɗe ta da mujallar GQ, ya sallami ma'aikata.

Namu mawaƙin bai tarar da ko ɗaya daga cikin wannan ba. Waƙar Hausa da ubangida ta saba tafiya: sarki, attajiri, manomi, ɗan dambe, daga baya ɗan siyasa. Waƙar zamani kuma a cikin fim ta girma, da fiyano ƙirar Yamaha da muryar namiji da ta mace suna amsa wa juna, abin da aka laƙaba wa nanaye. Shekaru da dama 'yan kasuwar kaset da faifan CD na Ƙofar Wambai ne suke da ta cewa a kan abin da zai fita, kuma ma'auninsu ciniki ne. Mujallar Fim tana fitowa tun 1999, ta rubuta tarihin masana'antar fiye da kowa, amma kamar yadda sunanta ya nuna, fim ne a gabanta. Sharhin kundi a matsayin sana'a, a biya mutum ya zauna ya saurara ya rubuta abin da ya ji ko da zai ɓata wa mawaƙi rai, bai kafu a nan ba.

To su wa muke kira masu sharhi? Na farkon da yake da hurumin sauraron kundi a Kano ba don daɗinsa yake saurara ba. Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar, wadda aka kafa a 2001, tana buƙatar mawaƙi ya yi rajista kuma ya kawo aikinsa a duba. Ba a manta ɗaurin da aka yi wa Adam A. Zango a 2007 saboda kundin bidiyon da bai bi ta hukumar ba, da kamun Aminu Ala a 2009. Yaron da yake buga waƙa yau a wani ɗan ɗaki a Zoo Road, matattarar situdiyoyin Kano, wataƙila yana firamare a lokacin, amma labarin yana kansa. Yana rubuta baiti yana sharewa tun kafin kowa ya ce masa ya share. Saboda haka kundin da ya fito ya riga ya sha gyara sau ɗaya, kuma wuraren da mai sharhi zai ce an yi dungu ko an yi kwana-kwana, sau da yawa a nan aka yi su.

Akwai kuma malaman jami'a, kuma su ne kaɗai suke da ma'auni rubutacce. Wanda ya karanta Hausa a Jami'ar Bayero ya san hanyar Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ta nazarin waƙar baka: a nemo salsalar waƙa, a gano turkenta da tubalan da aka gina shi da su, a duba gindi da ɗiya, a bi salo. Ya san kuma hanyar feɗe rubutacciyar waƙa ta Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo, da jigo da kari da amsa-amo. Kayan aiki ne masu kaifi, kuma na fi amincewa da su a kan yawancin abin da ake rubutawa a intanet. Sai dai don kalmomi aka ƙera su. Idan aka kawo musu waƙar da rabin ma'anarta tana cikin jita, ko a cikin daƙiƙa ashirin da mawaƙin ya yi shiru ya bar sarewa ita kaɗai, ba su da wurin ajiye wannan. Sannan nazarin jami'a ba ya sauri. Kafin ɗalibi ya rubuta kundin digiri a kan mawaƙi, a duba, a sa hannu, mawaƙin ya saki wasu ayyukan biyu ko ya bar sana'ar.

Ragowar, waɗanda su ne mafi yawa kuma mafi ƙara, abokai ne. Duniyar masu irin wannan waƙa a Kano ƙarama ce. Wanda ya rubuta dogon yabo a Facebook shi ne ya ɗauki hoton bangon kundin, ko tare suka yi makaranta, ko yana jiran a yaba nasa idan ya fito. Ba ƙarya suke yi ba, da gaske abin ya burge su. Amma a garin da za ku haɗu gobe a ɗaurin aure, wa zai rubuta cewa waƙa huɗu daga cikin goma cikon benci ne? Sai ya zamana yabon ya yi yawa har ya daina auna komai. Mai karatu ya ga an ce wa kundi biyar a jere ba a taɓa yin irinsu ba, ya daina kulawa. Gidajen rediyo da talabijin sun ɗan cike giɓin, musamman bayan buɗe Freedom Radio a 2003 da Arewa24 a 2014 da shirinta na Zafafa Goma, amma hira da jeren waƙoƙi suke yi. Mai gabatarwa ba zai gayyaci baƙo ya zaunar da shi ya ce masa amshinsa bai zauna ba.

Yanzu a juya ɓangaren masu sauraro, inda ainihin ƙullin yake.

Ka tsaya minti goma a gaban teburin mai tura waƙa a kasuwar waya ta Farm Centre. Kwamfuta ce a buɗe, igiyoyin caja sun harɗe, ga 'yar na'urar karanta memori. Mace ta miƙa waya ta ce, "Ɗan'uwa, zuba min sababbi." Ba ya ɗago kai zai ce, "Hajiya, na soyayya ko na biki?" Haka ya kasa kayansa: soyayya, biki, siyasa, bege, Indiya, Kudu, sai kuma manyan mawaƙa kowa da nasa wurin. Kundin da waƙarsa ta farko take kan rasuwar uwa, ta biyu kan zaman kashe wando, ta uku kan budurwar da aka aurar, ba shi da gurbi a wannan kaso. Idan mai turawar yana da kirki zai ɗauki biyu da suka fi kama da soyayya ya jefa cikin sauran. Jeren da mawaƙin ya kwana yana tsarawa ya wargaje, wani lokacin har sunan waƙar da nasa sun ɓace, sai lamba. Hajiya za ta ji waƙar, ta yi mata daɗi, ta tura wa ƙanwarta ta manhajar Xender, babu wadda ta san akwai wasu takwas, kuma ko kwabo bai shiga aljihun mai ita ba.

DJ na biki shi ma yana da nasa wuƙar. Abin da yake nema kiɗan da zai tayar da ƙawayen amarya a yi liƙi, kuma ba laifinsa ba ne, don wannan aka ɗauko shi. TikTok ta fi kowa yanka: daƙiƙa sha biyar ko talatin, sau da yawa an ƙara wa muryar sauri. An ga ƙarfin irin wannan yaɗuwa a 2020, lokacin kullen korona, da matan aure suka riƙa ɗaukar bidiyon rawa da wata waƙar Hamisu Breaker har maganar ta kai ga malamai. Tun daga lokacin kowane mawaƙi ya gane cewa gutsure ɗaya zai iya kai shi inda kundi guda bai kai shi ba.

Daga nan sai a ɗauko alƙaluma a ce su za su raba gardama. Ba sa rabawa. Spotify, dandalin sauraron waƙa a intanet, bai shigo Najeriya ba sai a Fabrairun 2021, yana ƙirga sauraro ne idan an kai daƙiƙa 30, kuma daga 2024 waƙar da ba ta samu sauraro 1,000 cikin wata sha biyu ba ba ta samun kaso daga kuɗin da ake rabawa. YouTube yana neman mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 kafin a fara raba kuɗin talla da mai tasha ta babbar hanyarsa. Audiomack da Boomplay sun fi kusa da talaka, na biyun ma yakan zo a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel. Jadawalin TurnTable da aka fara a Legas a 2020 daga irin waɗannan kafofi da gidajen rediyo yake tattara lissafinsa. Duk ba su ganin memori. Ɗaliba ɗaya ta sauke waƙa da datarta, ɗakin kwanan ɗalibai gaba ɗaya ya samu, na'ura ta rubuta mutum ɗaya. Da aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, dalilin yin hakan ya ƙaru. Don haka mawaƙin Kano zai iya zama sananne a unguwa goma lambarsa a intanet tana abin kunya, wani kuma ya tara lamba daga 'yan Arewa mazauna Abuja da Legas da ƙasashen waje alhali a Fagge ba a san shi ba. Kundin da masu sharhi suke so yawanci a rukuni na biyu yake faɗawa.

Duk da haka ba zan ce saɓanin na hanya ne kaɗai ba. Ko da an zaunar da mai adaidaita sahu an kunna masa kundin cikakke, akwai abin da zai ce, kuma maganarsa tana da tushe fiye da yadda masu sharhi suke ɗauka.

Kunnen Bahaushe magana yake fara bi. A yaba wa mawaƙi a ce yana da hikima, yana da azanci, ya iya zuba Hausa. Kiɗa yana biyo baya. Shi kuwa salon da matasan nan suke koyi da shi yana son a sassauta murya kamar raɗa, a lulluɓe ta da amo, a bar ta ta nutse cikin kiɗa. A abin sauraro mai tsada wannan yana da daɗi ƙwarai. A lasifikar ƙaramar waya, a cunkoson Ƙofar Nassarawa da ƙarar hon, abin da yake fita gunaguni ne. Mutum ya ce "ba na jin me yake faɗa," kuma gaskiyarsa. Mai haɗa sautin ya haɗa ne don kunnen da ba shi ne zai saurara ba.

Wanda ya fi wannan zurfi shi ne karin harshe. Hausa tana da hawa da saukar murya a kan kowace gaɓa, tana da dogon wasali da gajere, kuma ma'ana tana rataye a kansu. Makaɗan da suka gabata daga cikin maganar suke ciro karin waƙa, shi ya sa kalangu yake iya faɗar abin da baki ya faɗa. Matashin da ya fara tsara kari a kan jita, irin wanda kunnensa ya saba ji a waƙoƙin Turai, sannan ya zo yana cusa kalmomin Hausa a ciki, dole wani wuri ya ja gajeren wasali, wani wuri ya ɗaga gaɓar da ya kamata ta sauka. Mai sauraro ba zai yi maka bayanin nahawu ba. Cewa zai yi Hausar ba ta zauna ba, ko ya ce yaron kamar ba a nan ya tashi ba. Mai sharhin da sabon kiɗa ya ɗauke masa hankali yakan tsallake wannan, har ya kira shi salo. A nan ina bayan mai sauraro. Mafi kyawun waƙoƙin irin waɗannan kundaye, idan ka koma ka duba, su ne waɗanda aka fara rubuta baitin aka bar kiɗan ya bi shi, kuma sau da yawa su ɗin ne suke tsallakawa su shiga gari.

Sai batun abin da ake waƙar a kansa. Ginshiƙin wannan salo shi ne mutum ya buɗe cikinsa: kaɗaicinsa, tsoronsa, saɓaninsa da mahaifinsa, daren da ya kasa barci. Mu kuma da kunya aka raine mu. Waƙarmu ta iya faɗar abu mai ɗaci, amma takan naɗe shi cikin habaici ko karin magana, ko ta saka shi a bakin wani. Masu kare sabon salon sukan kawo misalin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015: mutum ɗaya, kuntigi mai tsirkiya ɗaya, babu 'yan amshi. Misalin ya yi daidai ta fuskar kayan kiɗa. Amma Ɗan Maraya yawanci waje yake kallo, karen mota da lebura da ma'aurata da mai akwai da mai babu, kuma kowace kalma tasa tana fita tar. Mai sauraro yana ganin maƙwabcinsa a ciki, ya yi dariya ko ya girgiza kai a bainar jama'a ba tare da ya tona kansa ba. Waƙar da take cewa ni ne na karye ba a kunna ta a majalisa. Wanda ya kunna ta ya faɗi wani abu game da kansa.

Wannan ne ya sa nake shakkar cewa shirun gari yana nufin ƙi. Akwai masu sauraron da ba sa bayyana a ko'ina: matar aure da take jin waƙar a kicin da rana, ɗan kasuwar Kwari da yake kunna ta bayan ya rufe shago, yarinyar da ta ɗora layi biyu a sitatus ɗin WhatsApp ta goge kafin yayanta ya gani. Ba sa rubuta sharhi, ba sa zuwa taro, ba sa jayayya a ƙarƙashin rubutun kowa. Mawaƙan da kansu sun fi kowa sanin su, domin ta saƙon sirri suke zuwa, wata uku ko shida bayan masu yabo sun koma kan wani kundin.

Matsalar ita ce saƙon sirri ba ya biyan kuɗin situdiyo. Kuɗin waƙa a Kano yana wajen biki, da siyasa, da tallan kamfani, da waƙar da mai kuɗi ya sa a yi wa matarsa ko mahaifiyarsa. Yabon masu sharhi yana iya kai mutum gayyatar wata cibiyar al'adu ko taron wata ƙungiya sau ɗaya ko biyu a shekara. Saboda haka idan aka zo aiki na biyu sai ka ga lissafi ya shigo. Mai kiɗa zai ce masa, "Mutumina, wannan shimfiɗar ta yi tsawo, kawo amshin gaba." A ɗago murya sama da kiɗa, wanda gyara ne mai kyau. A yanke sarewar nan ta daƙiƙa ashirin, wanda asara ce. A saka waƙar amarya guda ɗaya a tsakiya ko da ba ta da alaƙa da sauran. Waƙa sha biyu ta koma biyar, ko a daina kundin gaba ɗaya a riƙa sakin ɗai-ɗai duk bayan wata biyu. Masu sharhin da suka ɗaga shi a farko su ce ya sayar da kansa, alhali da yawansu kundin farkon ma kyauta aka tura musu. Wasu mawaƙan sukan tattara su koma Abuja ko Legas, inda ake da wuraren wasa na dare da masu sayen tikiti. Wasu su zauna a Zoo Road suna buga wa 'yan takara waƙa idan kakar zaɓe ta zo, da kuɗin suke biyan hayar ɗakin da suke naɗar nasu a ciki.